Ɓeran da ya ji ƙarar da ba a kaɗa ba: nazarin yadda wani ɗakin bincike ya auna jiye-jiye

Matsalar

A asibitin masu taɓin hankali babu na'urar da likita zai ɗora wa majinyaci ta jiyo masa muryar da yake ji. Tambaya kawai yake yi. "Kana jin ana yi maka magana alhali ba kowa a ɗakin? Namiji ne ko mace? Me ake ce maka?" Abin da majinyacin ya faɗa, shi ne ma'auni. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ne ke fama da cutar sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, kusan ɗaya cikin 300 ke nan, kuma akasarinsu sun san wannan jiye-jiyen.

Nazarin nan ya bi sawun wani ɗakin bincike ne a tsibirin Long Island na jihar New York a Amurka, inda aka yi aiki da ƙwaƙwalwar ɓeraye. A jikin ɓera ana iya yin abin da ba za a taɓa yi wa ɗan Adam ba: a zura siririn zare cikin ƙwaƙwalwarsa, a auna sinadarai daƙiƙa bayan daƙiƙa, a kunna wasu ƙwayoyin jijiya, a kashe wasu. Sai dai ɓera ba ya magana. Mai baki ba a iya buɗe kansa, wanda ake iya buɗe kansa kuma ba shi da baki. Tambayar da ɗakin ya sa a gaba ita ce ta yadda za a gane ɓera ya ji abin da babu, har a bi diddigin abin cikin ƙwaƙwalwarsa, kuma sakamakon ya yi wa likitan mutane amfani.

1952 zuwa 1996: gadon da suka tarar

Magani ya riga bayani zuwa. A 1952 likitoci biyu a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka fara bai wa majinyatansu kilofiromazin, wanda aka fi sani da Largactil. Daga dangin magungunan ƙaiƙayi ya fito, kuma wani likitan tiyata ne ya fara lura da yadda yake kwantar da hankali. Muryoyi suka lafa wa mutane da yawa. A 1958 kamfanin Janssen a Beljiyam ya haɗa haloferidol. Duka biyun suna aiki, amma ba wanda ya san ta ina.

A 1963 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna yatsa ga dofamin, ɗaya daga sinadaran da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da su. Zuwa 1976 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Toronto ɗaya a Baltimore, sun nuna cewa gwargwadon yadda magani ya toshe makarɓar dofamin, wato inda sinadarin ke sauka a jikin ƙwayar jijiya, wadda daga baya aka raɗa wa suna D2, gwargwadon ƙanƙantar adadin da majinyaci yake buƙata. Ta ɗaya gefen kuma an daɗe da sanin cewa yawan shan amfetamin, ƙwayar ƙara kuzari mai ambaliyar dofamin, yana iya jefa lafiyayye cikin ruɗu da jiye-jiye. A 1996 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna masu sikizofiriniya suna sakin dofamin fiye da kima a wani dunƙule da ke can ciki, wanda ake kira sitirayatom.

An kama mai laifi, amma ba a san yadda yake aikata laifin ba. Me ya haɗa sinadari da kunne? Ga shi kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyata magungunan farko ba sa yi musu aikin kirki, wasu kuma suna biya da rawar jiki, sandarewar gaɓoɓi ko ƙiba.

Zuwa 2012: ma'aunan da aka dogara da su

Shekaru da dama masu haɗa magani sun dogara da gwaje-gwaje uku a kan ɓeraye. A na farko ana ba ɓera amfetamin, ya yi ta zirga-zirga a keji, a ga ko sabon magani zai natsar da shi. A na biyu ana koya masa ya tsallaka ɗaya gefen akwati da zarar ya ji ƙararrawa don ya kauce wa ɗan jan lantarki. Maganin hauka yana sa ya daina tsallakawa da wuri. Na uku razana yake aunawa: idan ƙaramar ƙara ta riga babba da ɗan lokaci kaɗan, lafiyayyen mutum ko ɓera ba ya zabura sosai, masu sikizofiriniya kuwa wannan birkin nasu yana da rauni.

Ba ɗaya daga cikinsu da ya auna abin da majinyaci ya zo asibiti dominsa. Zirga-zirga a keji ba jin murya ba ce. Raunin birkin razana kuma ana samunsa a wasu cututtukan da ba su da alaƙa da jiye-jiye. Ga wani tarkon kuma: an amince da gwaje-gwajen ne saboda magungunan da ke toshe D2 suna cin su, don haka duk wanda aka tace da su, yawanci ɗan'uwan tsofaffin ne yake fitowa.

Da aka yi ƙoƙarin fita daga wannan da'ira, an sha ƙasa. A 1998 wani bincike a kan ɓeraye ya nuna cewa taɓa wata makarɓa ta gulutamet, wani sinadarin aika saƙo dabam da dofamin, yana gyara rikicewar da ƙwayar maye ta PCP ke jawowa. Kamfanin Eli Lilly ya gina magani a kan haka, gwajin farko a kan majinyata a 2007 ya ba da fata, amma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar ba, aka dakatar da aikin a 2012. Kafin nan, a 2010, kamfanonin GlaxoSmithKline da AstraZeneca sun riga sun rage hannu sosai daga binciken magungunan ƙwaƙwalwa.

1997: biri da ɗigon lemo

Hanyar da ɗakin binciken ya bi daga baya tana da tushe a wani wuri dabam. A jami'ar Fribourg ta Suwizalan, Wolfram Schultz ya shafe shekaru yana sauraron ƙwayoyin dofamin a ƙwaƙwalwar birai. Idan ɗigon lemo ya sauka a bakin biri ba zato, ƙwayoyin sai su ɓarke da harbi. Idan aka saba kunna fitila kafin lemon, sai harbin ya koma kan fitilar, lemon kansa ya daina tayar da su. Idan kuma fitila ta kama lemo bai zo ba, sai su yi tsit daidai lokacin da ya kamata ya iso.

Peter Dayan da Read Montague, masu aikin lissafi, sun gane wannan zanen. Shi ne abin da masu koya wa kwamfuta aiki suke ƙirgawa a kowane mataki: abin da aka samu, a debe abin da aka yi tsammani. A kira shi giɓin tsammani. Su ukun suka wallafa bayanin a mujallar Science a 1997. Daga nan masu hoton ƙwaƙwalwa suka ɗauki lissafin nan, suka sa mutane wasan neman lada cikin na'ura, suka tarar da sawunsa a sitirayatom na ɗan Adam. Biri bai zama mutum ba, amma an sami adadi guda da za a iya nema a kan kowannensu. Darasin da aka ɗauka ke nan: lissafi yana iya zama tafinta.

2008 zuwa 2016: koyon tambayar ɓera yaƙininsa

Ɗakin binciken bai fara da taɓin hankali ba. Abin da ya dame su tun farko shi ne yaƙini: shin dabba ta san lokacin da take da tabbas da lokacin da take canki-canka? A aikin da shugaban ɗakin da abokansa suka wallafa a 2008, an ba manyan ɓeraye gaurayen ƙamshi biyu su shinshina, su nufi hagu ko dama gwargwadon wanda ya rinjaya. Wani lokaci bambancin a fili yake, wani lokaci kusan kunnen doki. Dabarar ita ce jinkirta lada. Ɓeran ya zura hanci a ramin da ya zaɓa, ruwa bai zo nan take ba. Ko ya jira, ko ya haƙura ya koma ya fara sabon zagaye.

Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar gidan wanda yake bi bashi ya san wannan ma'aunin. In ka tabbata maigidan yana ciki, za ka daɗe a tsaye kana maimaita sallama. In da ma shakka kake yi, sau biyu ka yi ka kama gabanka. Tsawon tsayuwarka ya fallasa abin da ke ranka ba tare da ka furta ba.

Sai dai misali ba hujja ba ne, wataƙila ɓeran ƙishirwa ce ta tsayar da shi, ko kasala. A nan lissafi ya shigo. Idan jira yaƙini ne da gaske, to dole ya bar alamomi takamaimai: zaɓin da aka daɗe ana jira a kansa ya fi yawan zama daidai, idan an zaɓi daidai, jiran ya ƙaru yayin da tambayar ke ƙara sauƙi, idan kuma an yi kuskure, jiran ya ragu yayin da tambayar ke ƙara sauƙi. Ta ukun nan ita ce mai wuyar samu bisa katari. A 2014 suka nuna jiran ɓerayen yana ɗauke da alamomin, kuma da suka sumar da wani yanki na gaban ƙwaƙwalwa, saman ramin ido, ɓerayen suka ci gaba da zaɓe daidai kamar da, amma jiransu ya daina bin yaƙini. A 2016 suka gwada mutane, aka tambaye su kai tsaye yawan tabbacinsu, alamomin nan suka sake bayyana.

2017 da 2018: abin da aka gano a ɓangaren mutane

Tun 1941 wani masanin halayya, Ellson, ya nuna cewa idan aka yi ta haɗa fitila da ƙara, daga baya aka kunna fitilar ita kaɗai, wasu lafiyayyun mutane za su ce sun ji ƙarar. A 2017 Albert Powers, Christoph Mathys da Philip Corlett suka farfaɗo da gwajin a jami'ar Yale, da rukuni huɗu na kimanin mutum 15 kowanne: majinyata masu jin muryoyi, majinyata marasa ji, lafiyayyu, da kuma wasu masu jin muryoyi kullum amma ba su da ciwon da ya kai su asibiti, yawancinsu masu cewa suna karɓar saƙo daga ruhohi. Masu jin muryoyi, da majinyatan da waɗanda ba majinyata ba, su suka fi cewa sun ji ƙarar da ba a kaɗa ba, kuma da ƙarfin gwiwa.

Tsarin lissafin da suka yi amfani da shi ya ɗauki ƙwaƙwalwa kamar alƙali mai shaidu biyu. Na farko kunne, wanda ke kawo abin da ya shigo yanzu, sau da yawa a dagule. Na biyu tsammani, wanda ke faɗin abin da aka saba ji a irin wannan hali. Kowa yana sauraron duka biyun, shi ya sa mai jego ke jin kukan jariri cikin ƙarar famfo. Lissafin, wanda ya samo asali daga ƙa'idar Thomas Bayes da aka wallafa a 1763, yana ba kowane shaida nauyi. A masu jin muryoyi, nauyin tsammani ya rinjayi na kunne. A 2018 wata ƙungiya a jami'ar Columbia ta ƙara ɗaure zancen: majinyatan da tsammani ya fi jan jinsu, su ne suka fi jiye-jiye, kuma su suka fi sakin dofamin a sitirayatom. Amma hoto a kan mutum yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai, ba ya nuna wanne ya haifi wanne.

Zuwa Afrilun 2021: gwajin

Wata likitar ƙwaƙwalwa da ta yi aiki da majinyata a Berlin ta zo ɗakin binciken, ita ta jagoranci haɗa ɓangarorin biyu, awon yaƙinin ɓera da abin da aka gano a kan mutane. Ta san abin da majinyata ke faɗa: muryar ba ta zo musu kamar zato ba, suna jin ta ne kamar yadda suke jin likitan. Don haka aka taƙaita jiye-jiye zuwa abu biyu da za a iya ƙirgawa: a ce an ji abin da babu, kuma a faɗa da yaƙini.

An koya wa ƙananan ɓeraye wasa a akwati mai ramuka uku. Ɓera ya zura hanci a na tsakiya, sai a saki hayaniya irin shuuu ɗin rediyo idan tasha ta ɓace. Wani lokaci akwai siririyar ƙara a ɓoye cikin hayaniyar, mai ƙarfi ko mai rauni, wani lokaci babu komai. Rami ɗaya na "na ji" ne, ɗayan na "ban ji ba". Ladan amsa daidai ɗigon ruwa ne, bayan jinkiri. Idan ba a kaɗa komai ba, ɓeran ya tafi ramin "na ji", ya kafe a can yana jiran ruwan da ba zai zo ba, sai a rubuta wannan a matsayin ji mai kama da jiye-jiye. Masu binciken sun yi hattara da sunan, "mai kama da" suka ce.

Daga nan aka gwada ma'aunin ta fuska uku. Da aka yawaita kaɗa ƙarar har ɓerayen suka saba da zuwanta, irin wannan kuskure mai yaƙini ya ƙaru. Da aka ba su ɗan ketamin, maganin sa barcin tiyata wanda aka nuna tun 1994 cewa yana jawo wa lafiyayyun mutane alamomi masu kama da na sikizofiriniya na ɗan lokaci, ya sake ƙaruwa. Sannan aka mayar da wasan na kwamfuta, mutane suka buga: su danna maɓalli su ce sun ji ko ba su ji ba, su nuna yawan tabbacinsu a kan sikeli. Waɗanda suka fi yin kuskure mai yaƙini, su ne kuma suka fi amsa cewa sukan yi jiye-jiye ko gane-gane a rayuwarsu ta yau da kullum, a takardar tambayoyin da aka ba su.

Cikin ƙwaƙwalwar ɓeran

Yanzu ne aka yi abin da ba ya yiwuwa a kan mutum. Da wani furotin da ke ƙyalli idan dofamin ya taɓa shi, irin wanda sai a 2018 aka samar, suka auna sinadarin a wurare biyu: ƙasan sitirayatom, inda aka san shi da harkar lada, da wutsiyarsa ta baya, inda jijiyoyi daga sashen ji suke sauka. A duka biyun, idan dofamin ya hau tun kafin a saki hayaniyar, ɓeran ya fi faɗawa cikin jin abin da babu.

Da ido kawai, wuraren biyu abu ɗaya suke yi. Tsarin lissafin ne ya raba su. An gina shi yana sabunta abu biyu bayan kowane zagaye: yawan ladan da yake sa rai daga kowane rami, da kuma yawan zatonsa cewa ƙara za ta zo. Ɓera na iya nufar ramin "na ji" don ramin ya saba biya, yana kuma iya nufarsa don ya sa wa ransa ƙarar na tafe. Hawa da saukar dofamin a ƙasan sitirayatom sun bi tsammanin lada, na wutsiya kuma sun fi kama da tsammanin ji.

Wannan ya nuna musu inda za su taɓa. Da dabarar kunna ƙwayoyin jijiya da haske, wadda ta samo asali a 2005, suka ɗaga dofamin a wutsiyar da gangan. Jin abin da babu ya ƙaru. Suka ba ɓerayen haloferidol, maganin nan na 1958, ƙarin ya gushe. An wallafa aikin a mujallar Science a watan Afrilun 2021.

Hukunci

A ganina abin da ya sa wannan yunƙuri ya kai inda na baya ba su kai ba shi ne sun yarda su rage buri. Ba su ce za su ƙera ɓera mai sikizofiriniya ba. Sun yanko mataki ɗaya daga cikin cutar, rinjayen tsammani a kan kunne, suka rubuta shi da lissafi, suka ba mutum da ɓera wasa iri ɗaya. Lissafin kuma ya yi aiki sau biyu a wuraren da ido ba zai iya ba: shi ya tabbatar jira yaƙini ne, shi ya bambance dofamin na lada da na ji. Shekarun da suka ɓata a kan ƙamshi da jira, tun ba a maganar taɓin hankali, su suka ɗauki nauyin komai.

Amma akwai ramuka, kuma ba ƙanana ba ne. Mutanen da suka buga wasan ba majinyata ba ne. Ketamin ya fi jirkita wa mutum gani da yadda yake jin jikinsa fiye da kawo masa muryoyi. Sannan ƙara ɗaya cikin hayaniya ta yi nisa da murya mai kiran sunanka. A 2015 Tanya Luhrmann da abokan aikinta sun wallafa hirarsu da majinyata 60, ashirin-ashirin a California, da Accra ta Ghana, da Chennai ta Indiya. Na Amurka sun fi kwatanta muryoyinsu da tsangwama da tashin hankali, da yawa a Accra sun ce Allah ne ke yi musu magana, na Chennai kuma sau da yawa muryar dangi suke ji tana sa su aikin gida. Adadin da aka auna a akwatin ɓera ba shi da abin cewa game da waye ke magana, ko me ya sa wata muryar ke kai mutum asibiti wata kuma ya zauna da ita lafiya.

Ramin da ya fi damuna shi ne na haloferidol. An ɗaga dofamin da hannu, aka toshe makarɓarsa, tasirin ya tafi. Wannan bai yi nisa da tsohon tarkon nan na gwaje-gwajen da ke gane 'yan gida ɗaya kawai ba. A ranar 26 ga Satumba 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Cobenfy, maganin sikizofiriniya na farko da ba ya toshe makarɓar dofamin, ta hanyar sinadarin asetilkolin yake bi. Shi ma ba lissafi ne ya gano shi ba. A shekarun 1990 ne aka gwada babban sinadarinsa a kan masu cutar mantuwa ta Alzheimer, aka lura jiye-jiye da ruɗunsu sun ragu, aka ajiye shi saboda amai da tashin zuciya, sai daga baya aka haɗa shi da wani maganin da ke tare wannan illa. Irin wannan magani, wanda aka riga aka san yana aiki a kan mutane ta wata ƙofa dabam, shi ne awon da ya dace a ɗora wa akwatin mai ramuka uku. Idan ya gajarta jiran ɓeran a ramin "na ji", to ma'aunin jiye-jiye yake aunawa. Idan bai taɓa shi ba, D2 yake aunawa kamar na gabansa.